Raudatu da Furen Masara

A tashar Malumfashi Mahadi ya fara ganin Raudatu, tana ta atishawa, idanunta jajur. Ya miƙa mata ruwan leda.

"Sannu. Mura ce?"

"A'a. Duk shekara in masara ta fitar da fure, haka nake fama."

Shi kuwa manomin masara ne a Tsiga, gonaki sun kewaye gidansu. Bai iya gaya mata ba sai da soyayya ta yi nisa.

Da damina ta zagayo, gwaggonninsa suka je ganinta. Ta durƙusa ta gaishe su, hawaye na zuba, ta kasa ɗago kai. Suka koma suka shaida wa mahaifiyarsa, Hajiya Hansai, yarinyar ba ta son shi.

"Ba za a kawo mini mai kuka gida ba," in ji Hajiya.

Mahadi ya kasa cin abinci. Ya tura wa Raudatu saƙo:

"Rauda tawa, gaya mini gaskiya. Kukan nan na ƙina ne?"

Sai bayan la'asar amsa ta zo:

"Masoyina, furen ne. Amma ina tsoro. A cikin gari ma haka nake, ina ga tsakiyar gonarku?"

Ya garzaya wurin yayarsa Shafa'atu, ma'aikaciyar jinya. Ta ce Raudatu ta riƙa wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, ta yi sirace, ta sha shayin citta da zuma, a rufe tagogi da safe.

"Kai kuma in ka dawo gona, wanka kafin ka matso kusa da ita. In numfashi ya yi mata wuya, sai asibiti."

Ya yi alkawarin baɗi waken soya zai shuka a bayan gida.

Hajiya ba ta gamsu ba, ta tafi Malumfashi da kanta. Ta iske Raudatu lulluɓe da bargo a kan tukunyar sirace. Yarinyar ta fito tana gumi.

"Kina son ɗana?"

Raudatu ta sunkuyar da kai. "Sati biyu ke nan ina wannan, Hajiya, don in iya zama a gidanku. Atishawar ta ragu."

Hajiya ta matso kusa da ita. Sannan ta sa gefen mayafinta ta share mata goshi.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Hajiya da kanta ta zaɓa wa amarya ɗakin da ya fi nisa da gona, ta riƙe hannayen ango da amarya ta ce, "Allah ya ba ku lafiya da zaman lafiya."