Tsakuwar Tsohuwar Tasha

Ana gab da kiran magariba, Bu Sumirah tana suyar tempe, wani abincin waken soya, a kicin, sai tsakuwa ta fara sauka a kan rufin gidan. Ba irin jifan yara ba ne. A hankali take faɗowa, ɗaya bayan ɗaya. Mijinta Pak Darmaji ya fita ya zagaya gidan, bai ga kowa ba. Da ya tsinci ƙwara ɗaya ya duba, sai ya gane tsakuwar. Tasa ce.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ba jiragen ƙasa hannu a wata ƙaramar tasha a bayan garin Purworejo, har aka rufe layin. Da ya ajiye aiki, maimakon ya yi kiwon tsuntsaye kamar sa'o'insa, sai ya gina ɗan ƙaramin samfurin tashar a kan babban teburi a ɗakin baya, da 'yan taragu, da layin dogo mai zagaya teburin ya dawo. Mutum ne mai kafiya, komai nasa sai na gaske. Shi ya sa ya je kufan tashar ya ɗebo tsakuwa daga gindin tsohuwar sandar danja, ya daka ta, ya shimfiɗa wa layinsa. Ko bismilla bai yi ba.

Hannunsa yana rawa saboda tsufa, don haka 'yarsa Kinanti, mai gyaran waya a kasuwa, ita ta haɗa masa fitilun. Kowace fitila kamar ƙwayar shinkafa take, da ƙafafun waya biyu, ɗaya ta fi tsawo; ja a ƙasa, koriya a sama. Tana narka dalma tana tsokanarsa: "Pak, doguwar ƙafar ce take shan wuta. Sau nawa zan faɗa?"

A yamma ta uku da fara jifan, gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Darmaji ya tarar da koriyar fitilar tana ci, alhali da hannunsa ya zare wayar lantarkin daga bango. Ɗan jirgin ya tashi shi kaɗai, ya zagaya, ya dawo tasha ya tsaya. Kinanti tana tsaye a kansa, idonta a kafe.

"Nduk?" ya kira ta, kamar yadda yake kiranta tun tana goye.

"Mun sake dawowa," in ji ta. Muryar ba tata ba ce, ta wani tsoho ce.

Daga ranar ta daina ci, ta daina barci. Da rana tana kwance kamar mushe, da almuru sai ta miƙe ta nufi teburin. Cikin kwana biyar wuyanta ya zama kamar sillen kara. Darmaji ya ji tsoron da bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Bu Sumirah ko kallonsa ba ta yi. Ita ce ta je ta ɗauko Kiai Sholikin, malamin unguwar, tsoho marar yawan magana.

Bayan sallar la'asar malam ya zauna gaban yarinyar, ya yi ta karatu har inuwa ta cika ɗakin. Can ta ɗago.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Tambayi wancan," in ji muryar, tana nufin Darmaji. "Shekara talatin da ɗaya muna zaune a gindin fitilarsa. In ya ba da ja mu tsaya, in ya ba da koriya mu wuce. Ba mu taɓa saɓa masa ba."

"To me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Shi ya kwaso mu a buhu! Muka ce to, ma jira hannu mu koma. Kullum a ba mu koriya, mu hau, mu yi ta tafiya, sai mu gan mu inda muka tashi. Wane irin layi ne wannan da ba ya zuwa ko'ina? Ita ta haɗa fitilar ƙarya, ita muka riƙe."

"Ka fita, a mayar maka da tsakuwarka gobe."

"Ba ni da gobe da ku. A buɗe layi, a ba ni hannu na gaskiya kafin a idar da sallar magariba. In ba haka ba, da ita zan ci gaba da zagayawa."

Malam ya dubi Darmaji. "Ka ji. Wannan aikinka ne, ba nawa ba."

Shekara shida Darmaji ya yi yana gina teburin nan. Ya ɗauki filaya ya datse layin a kwana, ya ɓamɓare shi har da 'yan bishiyoyi da gadar da ya yi masa, ya miƙar da shi zuwa taga mai kallon gabas, wajen tsohuwar tashar. Saura fitila a ƙarshen layin, kuma mai haɗa ta tana can a ƙasa tana huci.

Ladan ya fara kira. Ƙarfen dalmar yana rawa a hannunsa, ya ƙona yatsa, bai ma ji ba. Ya liƙa wayoyin, ya kunna. Babu komai.

"Pak!" Bu Sumirah ta yi ƙara. "An tayar da sallah!"

Doguwar ƙafar. Ya warware, ya juya fitilar, ya dafe wuyan hannunsa da ɗaya hannun, ya sake ɗiga dalma. Koriya ta kama.

Ya miƙe tsaye kamar yana bakin aiki, ya ce, "Hanya a buɗe take. Wuce."

Kan jirgin ya tashi a hankali, ya bi sabon layin, ya fice ta taga. Sun ji faɗuwarsa a kan dakali. Kinanti ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Da ta farfaɗo ta nemi ruwa. Ta sha, ta daɗe tana kallon teburin da aka yi wa kaca-kaca, sannan idonta ya sauka kan dunƙulen dalmar da ke gindin fitilar.

"Pak," ta ce da 'yar siririyar murya, "wa ya yi wannan mummunan aiki?"

Darmaji ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ƙwace masa.

Washegari suka mayar da tsakuwar har da ƙurarta. Bai sake haɗa layin ba. Shi da bai taɓa barin koriya tana ci babu jirgi ba, har yau fitilar bakin tagar nan bai yarda kowa ya kashe ta ba.