Kwamfutar Mai Magani Ta Ƙi Barci

Da sallama ta shiga kantin maganin, jakar kayan gyara rataye a kafaɗarta. Saurayin da ke jera kwalaye ya amsa, sannan ya leƙa bayanta kamar mai jiran wani ya shigo.

"Ni ce mai gyaran," in ji ta. "Babu kowa a bayana."

Ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi. "Ki gafarce ni, Likita. Ga marar lafiyar nan, kwamfutar da ke kan kantar shago. Ba ta barci. Ko wuni na yi ban taɓa ta ba, idonta biyu, fankarta sai huci take."

"Kai da ke sayar da maganin barci?"

"Na rasa ta inda zan ɗura mata ne."

Dariya ta kufce mata ba shiri. Ta ja kujera ta zauna, ta duba saitin wuta, ta rage lokacin da kwamfutar za ta jira kafin ta kwanta. Irin wannan gyara sai da haƙuri: a canza abu ɗaya, a naɗe hannu, a zuba wa allo ido a ga ko zai yi duhu. A cikin jiran nan hira ta ɓalle. Ta ji cewa shi da mahaifiyarsa kaɗai suke zaune tun rasuwar babansa. Shi kuma ya ji cewa tun tana ƙarama take kwance rediyon gidansu tana shan faɗa.

Allon bai yi duhu ba. Ta zare firinta, ta rufe manhajoji, duk a banza. Ta tafi da alkawarin dawowa, tana jin haushin kwamfutar, tana kuma mamakin yadda haushin bai kai zuci ba.

Kafin ta isa gida saƙonsa ya shigo:

"Likitata, kin isa lafiya? Marar lafiyarki na nan yadda kika bar ta. Mai jinyar ma ya fara kamuwa."

Ta rubuta: "Mai Magani, ka sha ruwa ka huta. Cutar ba ta kisa."

Ta koma, ta sake komawa. Ta sabunta manhajar na'urar, ta hana katin intanet tayar da ita, kwamfuta ta ce ba ta san zance ba. Amma zuwa lokacin kowa a cikinsu ya san inda zuciyarsa ta dosa.

Babanta ne ya ƙi. Da Mama ta kai masa maganar aurensu, ya ajiye tabarau ya girgiza kai, ya dubi 'yarsa. "Saurayin waya? Haka wani ya ɓata wa yayarki shekaru da daɗin baki, ƙarshe ya ɓace. Ga abokin yayanki nan, mun san shi, mun san gidansu, kullum yana nan."

Abokin Yaya kuwa ya daɗe yana zagaye, ita ce ba ta taɓa ba shi fuska ba.

Da ƙyar Mama ta shawo kan Baba ya yarda Mai Magani ya zo gaisuwa ran Asabar da yamma. Aka share falo, aka sauya labule. Yamma ta yi, shiru. Ta kira, wayar na shiga ba a ɗauka. Ta tura saƙo:

"Baba na jiranka. Kana ina?"

A ƙarƙashin sunansa an rubuta yana kan layi. Babu amsa. Abokin Yaya, da ya zo kamar wucewa yake, ya leƙa wayar ya taɓe baki.

"Ai ga shi nan a kan layi, Baba. Wata hirar ce ta fi wannan daɗi."

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Wannan tashin ya fi mata zafi a kan faɗa.

Washegari da safe idonta a kumbure ta sake dubawa. Yana kan layi har yanzu. Ta ƙura wa kalmomin ido. Wane mutum ne zai kwana ya wuni a kan layi bai ko ƙifta ba? Ai manhajar hirarsa a buɗe take a kwamfutar kanti, wadda ba ta barci.

Ta ɗauki mayafi ta fita. Kantin a kulle. Ta manna fuska jikin gilashi, ga allo tar, ga wayarsa yashe kusa da shi a jikin caja. Telan da ke maƙwabtaka ya fito.

"Ai jiya mahaifiyarsa ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Da gudu ya fita, ni na rufe masa kantin."

A asibiti ta same shi bakin gado, sanye da sabuwar rigar da ya saya don gaishe da Baba, duk ta yamutse. Da ya gan ta ya miƙe.

"Likitata, ban haddace lambarki ba. Na rasa yadda zan yi."

"Yi shiru," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ni ce na zarge ka."

Tsohuwar ta miƙo hannu ta kama nata. "Ke ce mai gyaran? Zo kusa, 'yata, in gan ki da kyau."

Da Baba ya ji labari, da kansa ya sa hula ya tafi dubiya. Ya tarar da saurayin yana ba mahaifiyarsa ruwa da cokali. A hanyar dawowa ya ce da Mama, "Yaron da ya manta wayarsa saboda uwarsa, ba zai wulaƙanta mana 'ya ba."

Ranar da aka sake buɗe kantin ta dafa kantar shagon tana masa hira, sai ta ji wata 'yar rawa a tafin hannunta. Firjin ajiye allurai ne jingine da kantar, yana girgiza linzamin kwamfutar, kwamfutar kuwa tana zaton mutum ne ke taɓa ta. Suka ja firjin gefe, suka naɗe hannu. Jim kaɗan allo ya yi duhu, fanka ta yi tsit. Suka dubi juna suka tuntsire da dariya.

An ɗaura auren bayan tsohuwar ta fara takawa da sanda. Ta ƙi a riƙe ta, ta tako da kanta har gaban amarya, ta ɗora hannu a kanta. Baba na gefe yana goge ido da bakin hannun riga, yana cewa ƙura ce.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mana," in ji tsohuwar.

Amarya ta sunkuyar da kai, zuciyarta cike da godiya. A hankali ta ce, "Amin, Mama."