Gwaten Suzana

Ranar da Hasiya ta zubar da gwaten Suzana karo na huɗu a kwatar bayan asibiti, surukarta Inna Tabawa ta kama ta da langa a hannu.

Hasiya ba ta yi musu ba. Wata biyu ke nan mijinta Lukuman yana kwance da sankarar jini, kuma kullum sai wannan Suzanar mai sayar da tumatir a kasuwar Taminus ta zo da gwate, ta zauna ta ƙura masa ido tana sharar hawaye. Ba su haɗa komai da ita ba. Wace mace ce za ta yarda ba a barbaɗa wani abu a ciki ba?

Amma abin da ya fi ci mata rai daban ne. Likita ya ce a Ingila an fara dasa wa masu wannan ciwo ɓargon ɗan'uwansu na uwa ɗaya uba ɗaya, in jini ya dace. Bai ɓoye musu ba: wasu na tashi, wasu aikin ne ke zama ajalinsu, amma in aka zauna Lukuman ba zai ga damina biyu ba. Kamfanin kuza da yake wa aiki ya yarda zai kai shi. Ƙannensa uku sun shirya, sai Inna ta hana a ɗibi jinin kowa. Shi kuwa ya ce ba zai tsallake maganar mahaifiya ba.

"Inna, ki gafarce ni," Hasiya ta ce. "Me kike ɓoyewa? Ko kin fi son ƙannensa da shi ne?"

Tsohuwar ta zube kan dakali. Da ƙyar maganar ta fito. A barikin haƙar kuza na Bukuru, maƙwabciyarta ta rasu wajen haihuwar tagwaye, ita Inna kuma mako guda da binne jaririnta, nono na zuba. Uban ya miƙa mata namijin, dangi suka tafi da macen, aka yi alkawarin rufe baki.

"Macen ita ce Suzana. In aka gwada ƙannensa, takarda za ta ce ba ɗana ba ne... Ina tsoro, Hasiya."

Kunya ta rufe Hasiya, har da tausayi. Ta kamo hannun surukarta suka shiga ɗakin da mijinta yake kwance.

Lukuman ya saurara har ƙarshe. Ya daɗe yana kallon Suzana, wadda ke tsaye bakin taga tun da ta kawo gwaten, kafin ya juyo.

"Inna, nonon wa na sha?"

"Nawa."

"To takarda ta faɗi abin da ta ga dama. Ki ba ni izini kawai, zan gwada. Ina so in ƙara kwana tare da ku."

Inna ta gyaɗa kai tana kuka. Hasiya ta matsa kusa da Suzana, ta fara bayanin allurar da za a soka mata a ƙashi, da zafinta, da nisan tafiyar. Ba ta kai ƙarshe ba Suzana ta naɗe hannun rigarta.

"Shekara talatin ina jira ya nemi abu a wurina," ta ce. "Ina likitan?"

Hasiya ta dubi langar da ke hannunta, ba ko loma a ciki.

"Yaya Suzana," ta ce a hankali, "gobe ki ƙaro gwaten. Ni zan ba shi da hannuna."