Kifin da Datti Bai Mayar Ba

Da la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, masunta suka naɗe fatsarsu suka bar bakin kogi. Datti kaɗai ya tsaya. Shekara talatin yana su a gurbin nan na bayan ƙauyensu a ƙasar Ajingi, ya san in iska ta taso ruwa ya gurɓace, tarwaɗa kan fito cin abinci kamar ba ta da hankali. Ya kuma san ƙa'idar da ubansa ya bar masa: kifin farko da aka kama a ƙarƙashin hadari ba na mutum ba ne, mayar da shi ake yi. Amma tarwaɗar ran nan ta kai tsawon hannu, gida kuwa mako guda miya ba ko ƙashi. Ya waiga, ba kowa. Ya jefa ta a buhu.

Matarsa Hure ta yi farfesu. Kan kifin aka ba 'yarsu Hindatu, don ita ce 'yar lelen uban.

Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwar kogi ce, sumul, a jiƙe, tana faɗowa kan kwano ɗai-ɗai, alhali sama tas take. Kwana na uku Hindatu ta daina magana. Sai ta zauna ta fuskanci kogi, ruwa na ɗiga daga kitsonta, ɗakin duk ƙarni.

"Malam, me ka kawo mana gidan nan?" in ji Hure.

Datti bai iya ɗaga kai ba.

Aka ɗauko Malam Gwadabe daga Kademi, dattijo mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki, muryar kuwa ta tsohuwa ce, mai kauri.

"Ɗana ya ɗauka. A mayar min da shi ruwa."

"An riga an ci," in ji malamin.

"Na sani. Yana cikinta. Ita za a mayar."

Hure ta ƙwalla ƙara. Malam Gwadabe ya ci gaba da karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya ce, "Ki ji tsoron Allah, yarinya ba ta yi miki komai ba. Faɗi wani abin."

Sai muryar ta ce:

"To, ƙafar ubanta kada ta ƙara taɓa ruwan kogina. Ran da ta taɓa, na dawo."

Datti ya rantse yana kuka. Hindatu ta yi atishawa uku ta nemi ruwan sha. A ranar ya ƙone fatsarsa, ya ba da kwalekwalensa, ko hanyar kogi ya daina bi. Wata biyu gidan lafiya lau.

Sai aka shiga tsakiyar damina, aka kwana biyu ana sheƙa ruwa. Da yammacin rana ta uku kogi ya ɓalle, ya cinye gonaki, ya shigo ta zauren gidan Datti a hankali, ja, ɗauke da kara. Datti ya haye turmi a tsakar gida. Gaba ruwa, baya ruwa, ba inda zai taka.

"Ni ban je ba!" ya yi ihu. "Wallahi ban je ba!"

Saura yatsa biyu ruwan ya kai bakin turmin. Daga cikin ɗaki ya ji Hindatu ta fara dariya, da muryar da ba tata ba.