Askin Da Ba A Ƙarasa Ba

"Faɗi gaskiya, daɗi ka ji!"

A bakin shagonsa na tsaya na faɗa, ko sallama ban yi ba. Mai Aski ya jingine tsintsiyar da yake share gashi da ita, ya dube ni da idanun nan nasa masu sanyi da suka saba kashe min jiki. Ranar ba su yi aiki ba.

"Auta, shigo mana. Mutane na kallonmu."

"Su kalla! Baba ya ce ba zai je ba, kai kuma ko uffan ba ka ce masa ba. Dama abin da kake so ke nan, in zauna a yi bikinmu, in riƙa wanke maka tawul har in tsufa!"

"Haba masoyiyata... ni?"

"Kai fa!"

Na juya na tafi ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Ina jin yana kirana, ban waiga ba.

Tallafin karatu ne na nema, irin wanda ake bai wa ɗaliban da suka yi fice kuma suke son yi wa jama'a aiki. Ni injiniya nake son zama, mai duba ingancin gine-gine. Na ci jarrabawar, saura intabiyu washegari. Sharaɗinsu ɗaya ne ya tsaya min a wuya: dole mahaifi ya zo da kansa ya amince, domin bayan karatu duk inda aka tura mutum aiki, nan zai je.

Baba kuwa tsohon ma'aikacin kashe gobara ne. Rufin wani bene ya rufto masa a bakin aiki, tun daga nan ƙafafunsa suka daina motsi. Makon farko abokan aiki sun yi ta zuwa, daga baya ko waya babu. A saman bene muke haya, matakalar ƙunci gare ta, kuma Baba ya rantse ba mai ganinsa a goye kamar jariri. Shekaru ke nan bai sauko ba. Mutum ɗaya yake bari ya taɓa shi ban da Mama, shi ne Mai Aski, da ke hawowa duk mako da jakarsa. A wurin riƙe wa Baba madubi na fara son Mai Aski, kuma Baba da bakinsa ya ba shi ni.

Da safe na durƙusa gaban keken guragun Baba, na riƙe ƙafafun da ba sa jin hannuna.

"Baba, don Allah... zuwa kawai za ka yi ka ce ka yarda."

"Na gama magana, Auta."

"Don kai nake son karatun nan! Jama'a zan yi wa aiki, don kada rufi ya sake faɗo wa uban wani!"

"Jama'a?" Ya yi wata dariya mai ɗaci. "Na yi wa jama'a aiki, ga ladana ina zaune a kai. Ga yaro mai hankali yana sonki, shagonsa a ƙasan gidanmu. Ki zauna inda idona zai riƙa ganinki."

Mama na bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Na ɗauki takarduna na fita ni kaɗai. A matakala na yi kiciɓis da Mai Aski yana hawowa da jakarsa, ranar askin Baba ce. Wato ko yau ma aski ne a gabansa! Na raɓa ta gefensa na wuce.

Zauren intabiyun cike yake. Kowa da mahaifinsa a gefe, wani na gyara wa 'yarsa wuyan riga, wani na yi wa ɗansa addu'a ƙasa-ƙasa. Ni jakata na ɗora a kujerar da ke kusa da ni don kada a ga babu kowa a kanta.

Da aka zo kaina, sakatariyar ta leƙa bayana.

"Ina mahaifinki?"

"Yana... yana hanya."

Ƙarya na yi, kuma ta gane. Ta ce za ta mayar da ni ƙarshe, amma in bai zo ba, sai haƙuri.

Haka na zauna ina kallon kujeru suna zama wayam. Na roƙi Allah har na rasa me zan ƙara cewa. Na tuna duk daren da na kwana kan littafi, na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi ta ihu. Mutum na ƙarshe ya fito yana murmushi. Sakatariyar ta fara tattara fayil-fayil.

"'Yata, ki yi haƙuri..."

"Kai, a hankali! Buhu ka ɗauko?"

Muryar Baba!

Na zabura. Ga Mai Aski yana hawowa matakalar zauren, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, Baba na goye a bayansa. Tsohuwar rigar aikinsa ce a jikinsa, ta yi masa yawa yanzu. Fuskarsa kuwa, gefe ɗaya an aske tas, ɗayan gefen gemu na nan buzu-buzu.

"Baba!"

"Kar ki ce min komai," ya faɗa yana haki, bayan an sauke shi a kujera. "Wannan ja'irin ne. Ya aske min rabi ya ajiye reza, wai ya fasa aurenki."

Na juya na kalli Mai Aski. Kansa na ƙasa.

"Wai ba zai auri macen da za ta riƙa kallonsa kullum tana tuna abin da ta rasa ba. Na zage shi, na ce ya fita. Ya ƙi fita, ya zauna yana min kuka, ƙato da shi!"

Aka shigar da mu. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta dubi rigar Baba, ta dubi ƙafafunsa, sannan ta tambaye shi ko ya amince.

Baba ya dube ta ido cikin ido.

"Raina bai so ba," ya ce. "Na ba ku ƙuruciyata, kuka mayar da ni gida a keke, ba wanda ya sake tambayata. Yau kuma 'yata kuke so, ita kaɗai ta rage min." Muryarsa ta karye. "Ku ɗauke ta, ta fi ni ƙwaƙwalwa. Amma don girman Allah, ku dawo min da ita da ƙafafunta."

Dattijuwar ta cire tabarau ta goge ido. Tambayoyin da suka yi min bayan nan, wallahi ban san yadda na amsa ba. Na dai ji ta ce in fara shirin tafiya.

A waje na sami Mai Aski jingine da bango, har yanzu numfashinsa bai daidaita ba.

"Da gaske ka fasa?" na tambaya, hawaye na zuba.

"Da kin zauna, da na fasa."

"Shekaru zan yi fa... ban san inda za a tura ni ba."

"Na sani, rabin raina. Tun jiya nake lissafawa, kuma ba daɗi na ji ba." Ya yi murmushi, idonsa jawur. "Ki je. Ni da Baba muna nan."

"Ka yafe min abin da na faɗa maka."

"Tawul ɗin dai suna jiranki."

Na yi dariya cikin kuka. Daga cikin zauren muka ji Baba ya ɗaga murya.

"Ku gama surutun nan! Ɗana, zo ka goya ni mu tafi gida ka ƙarasa min askin nan, kowa sai kallona yake!"

Mai Aski ya goge fuska da hannun riga, ya je ya durƙusa a gabansa, ya juya masa baya.