Hulunan da Injiniya Ya Aro

Duk wanda ya san mutumin nan da ake kira Injiniya ya san tsokana ce ta haifi sunan. Gyaran famfo yake yi, a wani shago mai ƙofa ɗaya wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya tsaya a waje. Da farko in an kira shi da sunan dariya yake yi, daga baya ya fara amsawa da gaske, har ya sa aka rubuta masa shi a allon shago. Na san shi tun yana yawo da sifana a aljihun baya, kuma ba zan ce muku mugun mutum ba ne. Mutum ne dai da motar wani ba ta wucewa bai bi ta da ido ba har ta sha kwana.

Wata shekara hukumar da ke kula da ruwan sha ta fitar da sanarwa. Ba kwangila ta bayar ba tukuna. Cewa ta yi tana so ta san kamfanoni masu zaman kansu da za su iya haƙar rijiyoyin burtsatse, kowa ya nuna injinansa da ma'aikatansa kafin a buɗe takara. Wanda ya shiga wannan sahun shi za a kira ranar rabo, wanda bai shiga ba sai dai ya ji a rediyo.

Inji ba shi ne matsala ba, hayarsa ake yi ta yini guda a liƙa masa sunan kamfani. Jami'an ma sun san da wannan, shi ya sa suka ce wannan karon da kansu za su zo, kuma kowane ma'aikaci sai ya taɓa aikin a gabansu. Ƙwararru kuwa manyan kamfanoni sun riga sun kwashe su. Injiniya ya duba hagu ya duba dama, bai ga kowa ba sai ƙanensa tela, da ƙanen matarsa mai sayar da kayan shayi, da 'yarsa ta fari wadda ta koyi buga takardu tana zaman jiran aiki. Ita ce yake kira Uwata, kuma ko kallon banza ba ya yarda a yi mata.

Da rana tsaka ya je wurin wani boka, ba ma ɓoye-ɓoye. A can ƙarshen filin da ake zubar da matattun motoci yake, cikin wata tsohuwar bas marar taya, an toshe tagoginta da buhuna. Ciki akwai sanyi irin na rami, da warin tsatsa da na tsohon jini. A inda kujerar direba take a da, an kafa wata baƙar tukunya an ɗaure mata wuya da sarƙa. Daga rufin kuwa hulunan kwano ne irin na ma'aikata suke reto a jikin ƙusoshi, wasu a tsage, wasu a ƙone, kuma suna motsi alhali babu iska.

Bokan tsoho ne mai tsabtar farce, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai ba da magani a asibiti. Ya saurari bayanin Injiniya har ƙarshe, sannan ya miƙa sanda ya sauko da huluna uku: rawaya mai tsaga a tsakiya, shuɗiya mai tabon ƙuna, da fara wadda busasshen taɓo ya manne a cikinta. Ya ce masu su gwanaye ne a zamaninsu, kuma duk wanda ya sa hula, hannun mai ita zai sauka a nasa.

"Ina masu su?" in ji Injiniya.

"Sun gama aiki."

"Nawa zan biya?"

"Ba na sayarwa ba ne. Aro nake bayarwa. Ranar da baƙinka suka zo a sa, da sun juya baya a cire, ka dawo mini da kayana."

"In aiki ya kama na riƙe su fa?"

Tsohon ya dube shi. "Hannu ne yake fara zuwa. In hula ta daɗe a kai, sauran ma yana biyowa."

Injiniya ya ji maganar nan sarai, ya kuma san akwai tambaya ɗaya da ta rage. Bai yi ta ba, don ya san amsar za ta hana shi ɗaukar hulunan. Sai ya tambayi ko zai iya ɗauko 'yan ga-ruwa a titi ya sa musu. Bokan ya girgiza kai, ya ce hular ba ta zama a kan bare. Sai mutumin da ya yarda da kai, wanda zai sunkuyar maka da kai ka sa masa da hannunka bai tambaye ka daga ina ta fito ba.

Ya kifa hulunan a bakin tukunyar, ya yanka baƙar kaza a kansu, ya ɗebo ruwan ciki ya wanke. Ya goge gumin goshin Injiniya da madaurin kowace ɗaya, yana kiran wasu sunaye a hankali. A kira na uku wani abu ya amsa daga cikin tukunyar, kamar tarin wanda ƙasa ta cika wa baki.

Ranar da jami'an suka zo, Injiniya ya jera mutanensa ya sa musu hulunan ɗaya bayan ɗaya: rawaya ga tela, shuɗiya ga mai kayan shayi, fara ga 'yarsa. Tela yana dariya yana cewa, "Yaya, in suka ce in tayar da wannan dodon ai sai dai in yi masa kalmasa." 'Yar kuwa sunkuyawa ta yi ta ce ya gyara mata ta zauna daidai a kan ɗankwali. Ya gyara mata.

Abin da ya biyo baya har yau ana maganarsa. Tela ya haye injin haƙa ya tayar da shi kamar a kansa aka haife shi. Mai kayan shayi ya buɗe akwatin wuta ya gano wayar da jami'an suka sauya da gangan. 'Yar ta duba zanen gwajin ƙasa ta nuna inda ruwa yake da inda dutse zai ci bakin inji, har shugabar tawagar ta cire tabarau ta sake kallonta. Kafin su tafi shugabar ta sa aka ɗauki hoton mutum ukun, ta ce ƙa'idar hukuma ita ce waɗanda aka gani yau su za a tarar a wurin aiki. In aka sauya ko mutum ɗaya, an soke kamfani.

Da yamma ya zuba hulunan a buhu ya kama hanyar filin matattun motoci. Har ya hango rufin bas ɗin. Ya tsaya riƙe da buhu yana lissafi: in ya mayar, gobe tela tela ne, kuma duk wahalar ta tashi a banza. Ya ce wa kansa rijiya ɗaya kawai, a gama a mayar. Ya juyo gida.

Rijiya ɗaya ta zama goma. Aka kira shi takara ya ci, aka sake kira ya sake ci. Ya bar shagon ya kama ofis mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki, ya sayi motar da yake bi da ido. Masu tsokanarsa suka koma cire takalmi kafin su gaishe shi. Shi kuwa abinci ya daina yi masa daɗi. Kullum da safe da hannunsa yake sa musu hulunan, kuma kullum sai ya kau da kai.

Tela ne ya fara sauyawa. Matarsa ta kawo masa rigar ɗansu ya ɗinke, ya zauna yana kallon keken bai san inda ake zura zare ba. Ya riƙa kiran sunan wata mace da ba wanda ya sani a dangi. Matar ta kawo kuka wurin Injiniya, ya ce gajiya ce, ya ba ta abin cefane mai kauri. Ba a yi nisa ba sarƙa ta tsinke a wurin aiki, bututun ƙarfe ya sauko a kan tela, daidai kan tsohuwar tsagar hular. A wurin gaisuwa mutane suna yi wa Injiniya ta'aziyya suna yaba yadda yake kuka, shi kaɗai ya san kukan mene ne.

Hukumar ta yi masa uzurin mutuwa ta bar shi ya kawo wani. Amma sauran biyun suna nan a hoto, kuma babban aiki na tafe, na ruwan unguwanni da yawa. Sai ya bar hulunan a kansu.

Ƙanen matarsa wata rana aka ji ihunsa a gaban akwatin wutar da ba a ko haɗa ba. Aka tarar tafukansa sun ƙone har ƙashi. Ya rayu, amma hankalin bai dawo ba. Yana ɗaki a ɗaure, yana karkarwa yana roƙon a kashe layin wuta. Hukumar ta sake yi masa uzuri, saura 'yar kaɗai a cikin na hoto.

Sai a lokacin Injiniya ya koma bas ɗin da huluna biyu, ya durƙusa ya yi tambayar da ya ƙi yi tun farko: yaya mai farar hular ya ƙare?

"Rami ya rufta da shi," in ji tsohon. "Ka kawo ta yau, 'yarka ta tsira. Sai dai duk abin da ta sani zai tafi tare da hular."

"Gobe hukuma za ta zo tantancewar ƙarshe, baba. Yini ɗaya."

"Ni ban hana ka ba. Ban taɓa hana ka komai ba."

Ya iso gida da niyyar karɓe hular, wannan kam na yarda da shi. Ya tarar da 'yar ta goge ta ta ajiye a kan tebur, tana bitar abin da za ta faɗa gobe. Ta ce masa shugabar tawagar ta yi mata alkawarin tura ta ƙaro karatu, ta ce, "Baba, duk abin da na zama kai ne sila." Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ya riga ya yanke abin da yake so. Rami ne ya kashe mai hular. To ba za ta je kusa da rami ba. Zai karɓi baƙin a ofis, a kan tayil, da sun fita ya cire.

Washegari da hannunsa ya sa mata. Ya zaunar da ita a ofis, ya ce kada ta ko leƙa waje, ya fita bakin titi tarar motar hukuma. Da suka shigo tare da jami'an, tana zaune inda ya bar ta, takardu a jere, na'ura tana busa sanyi. Kanta ne kawai ya kwanta a kan tebur. Ya ce, "Uwata, ga baƙi." Ya ɗago ta. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ce cike da bakinta da hancinta, farcenta duk sun kakkarye, a ɗakin da ko ƙura babu.

An soke kamfanin, aka zo aka kwashe injina da mota, amma shi bai ko ɗaga kai ya kalla ba. Bayan an share makoki ya faɗa wa matarsa komai, tun daga bas har zuwa dabarar ofis. Ya riga ya gwada sa farar hular da kansa, ya kwana ya tashi da ita ba abin da ya same shi, don ba ta aiki sai an sa wa mutum da hannun wanda ya yarda da shi. Sai ya durƙusa a gabanta ya miƙa mata, ya sunkuyar da kai ya roƙe ta ta sa masa.

Ta dubi hular, ta dubi ƙofar ɗakin da ƙanenta yake ɗaure. Ta ce, "A'a, Baban yara. Ka zauna da ranka." Ta tattara sauran 'ya'yanta ta tafi.

Yana nan da ransa. Za ku same shi a gindin rijiyar farko da 'yarsa ta nuna wurin haƙawa, ruwanta mai daɗi bai taɓa ƙafewa ba. Mata na ɗiba, shi yana rungume da farar hula, duk wanda ya zo wucewa sai ya miƙa masa ya sunkuyar da kai. Ba mahaukaci ba ne, da ya huta. Yana tuna komai.

To, kai da ka ga sanarwa ka ji zuciyarka ta tashi, ka je da abin da hannunka ya iya, in bai isa ba ka haƙura a kira wani. Masu ba da irin wannan aron ba sa yi maka ƙarya, kai ne za ka ƙi tambaya. Kuma ranar biya ba kanka za a nema ba, kan wanda ya sunkuya maka ne don ya yarda da kai.