Bismillar Alhaji Ummaru

Kwana uku da Ƙaramar Sallah, Alhaji Ummaru mai sayar da kwanon rufi a Kurmin Sarki ya cika mota da iyalinsa, suka tashi daga Suleja zuwa wani lambun shaƙatawa mai yawan itatuwa a Abuja. Suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wani ƙaton maɗaci. Matarsa Hajiya Luba ta buɗe kulolin waina da miyar taushe. Babbar 'yarsu Mas'uda, wadda ta gama karatun jinya, ta hura gawayi za ta dafa shayi.

Hayaƙin ne ya jawo Kamaluddeen. Ma'aikacin lambun ne, shi ke kula da dashe, kullum daga unguwar Hashimi ta Suleja yake hawo mota da asuba. Ya yi sallama, ya ce an hana hura wuta a gindin itatuwa. Mas'uda ta ɗago kai ta tambaye shi ko da zafin rana ake so ta dafa shayin. Ya ce akwai wurin da aka keɓe, zai kai mata murhun. Idonsu ya haɗu. Ba zan ɓata takarda wajen bayanin abin da kowa ya sani ba.

Alhaji yana tsakiyar cin abinci, ya ce, "Bismillah, samari."

Kowa ya san irin wannan tayin. Ana yi maka, ka ce alhamdu lillahi, ka wuce. Kamaluddeen kuwa tun safe bai karya ba. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ci waina shida, ya yi godiya. Daga nan ya ɗauki murhun, Mas'uda da ƙannenta na biye da shi, kafin ruwa ya tafasa sun karɓi lambar juna.

Saƙonni suka fara kai-komo.

"Tauraruwata, yau na dasa dalbejiya arba'in, kowacce da ke a raina na dasa ta."

"Malam mai dashe, ka dai riƙa shan ruwa, kada rana ta ƙona min kai."

Bayan wata guda ya tura kawunsa neman aure, kamar yadda ɗan mutunci ke yi. Da Alhaji ya gane ko wane ne, sai ya tsuke fuska ya ce, "Mai waina shida?" Ya ce suruki ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa, wannan kuwa ya riga ya saki ciki a gabansa, har da ƙarin miya. Ba zai ba marar kunya 'yarsa ba.

Mas'uda ta rubuta: "Baba ya ƙi. Wai ka ci waina a gabansa."

Ya mayar mata: "Wallahi yunwa ce, Tauraruwa. Da na san baban matata ne, ko miyau ba zan haɗiya ba."

Ta yi dariya, ta yi kuka, amma ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Mahaifiyarta ta kai wa ƙara. 'Yan matan yanzu su lura da wannan.

Hajiya ta bari sai da Alhaji ya dawo kasuwa ya huta, sannan ta tambaye shi ko yaron nan kutsowa ya yi ko kiransa aka yi. Ya ce shi ya kira shi. Ta ce da sunan wa? Sai ta ɗora da cewa:

"Alhaji, ka ambaci sunan Allah ka kira mai jin yunwa, ya ɗauke ka mai gaskiya. Laifinsa ke nan? In bismillarka ta baki ce, faɗa min, ni ma in daina amsa ta."

Ta faɗi gaskiya. Mu ne muke tayi da baki, zuciya na addu'ar kada a karɓa, sannan mu kira wani marar kunya.

Alhaji ya yi kwana biyu yana cin magani. Rana ta uku ya tafi Hashimi da kansa. Ya tambayi limamin unguwar, ya tambayi maƙwabta, aka ce yaro ne mai sallah, shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Ya dawo ya kira kawun.

"Ka gaya masa na ba shi," in ji Alhaji, "kuma har cikin zuciyata."

An ɗaura auren wata Asabar bayan Babbar Sallah, a ƙofar gidan Alhaji, jama'a har bakin titi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma daidaita bakinmu da zuciyarmu. Amin.